Yaron da Ya Ce Zai Zama Mai Goge

Muna godiya ga Allah wanda ya kiyaye mu, malamai da ɗalibai, har muka ga ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Wanda ya san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi suke ciki a 'yan shekarun nan, ya san wannan godiya ba ta fatar baki ba ce. Editan mujallar nan ya roƙe mu mu rubuta wani abu a kan zaɓen sana'a. Da fari mun yi niyyar jera wa 'yan aji shida darussan da ake bukata kafin a shiga aikin likita ko injiniya, kamar yadda aka saba kowace shekara. Amma wani abu da ya faru a zango na biyu ya hana mu sakat, har muka ga gara mu yi magana a kansa ko da zai sosa wa waɗansu rai.

Ran da aka yi taron zaɓen sana'a a babban ɗakin taro, iyaye da dattawan ekklisiya suna zaune, an sa ɗalibai su tashi ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi abin da yake so ya zama. Wannan ya ce likita, aka tafa. Wancan ya ce lauya, aka tafa. Wani ya ce matuƙin jirgin sama, iyaye mata har da guɗa. Sai wani yaro ɗan aji huɗu, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya miƙe ya ce shi yana so ya zama mai kaɗa gogen Turawa a cikin babbar ƙungiyar makaɗa, irin wadda ya gani a wayar yayansa. Ɗaki ya ɗauki dariya. Wani dattijo daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ashe kuɗin makarantar da ubanka yake biya na koyon roƙo ne?" Aka ƙara fashewa. Yaron ya zauna ya sunkuyar da kai. Ba za mu ɓoye muku ba, mu ma malamai da muke zaune a gaba mun taya dariyar. Sai da muka koma gida abin ya fara cinmu a rai.

Bari mu fara da abin da yaron ya nema, domin yawancin waɗanda suka yi dariya ba su san ko mene ne ba.

Gogen Turawa, wanda suke kira bayolin, tsirkiya huɗu gare shi. Ana haɗa shi da gutsattsarin itace wajen guda 70, kuma siffarsa ta yau a ƙasar Italiya ta zauna. Waɗanda Antoniyo Stradibari na garin Kiremona ya sassaƙa, mutumin da ya rasu a 1737, har yanzu ana kaɗa su, kuɗin guda ɗaya kuwa ya isa ya gina makaranta irin tamu ya yi saura. Ana ɗora shi a kafaɗa a danne da haɓa, a goga shi da baka mai gashin wutsiyar doki wanda aka shafa wa ƙaro. Ba shi da alamomin da suke nuna wa yatsa inda zai sauka, irin waɗanda suke jikin gita. Kunne ne kaɗai yake gaya wa mai kiɗa ko ya dace ko ya kauce, kaucewar kuwa ba ta wuce faɗin ƙwayar gero ba.

Saboda wannan ne ake farawa tun da ƙuruciya. Yawancin waɗanda suka zama gwanaye sun kama tun suna shekara biyar zuwa bakwai, da ɗan ƙaramin goge daidai hannunsu, ana sake musu babba sa'ad da suke girma. Wani malami ɗan Japan mai suna Shiniciy Suzuki, wanda ya rasu a 1998, ya riƙa karɓar yara tun suna shekara uku. Hujjarsa ita ce, ba yaron da yake kasa koyon harshen uwarsa, don kullum yana jinsa. To, haka ya kamata a koyi kiɗa, a fara da kunne kafin takarda. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta. Bayan haka akwai jarrabawa mataki-mataki, daga na 1 zuwa na 8, sa'an nan makarantar kiɗa ta shekara uku ko huɗu, inda ɗalibi yake shafe awa uku zuwa biyar kowace rana shi kaɗai a ɗaki yana maimaita abu guda har ya zauna masa a yatsu. Ɗalibanmu da suke kukan awa biyu na karatun dare, sai su auna.

Duk wannan bai ba shi aiki ba tukuna. Babbar ƙungiyar makaɗa, watau okestira, takan kai mutum 80 zuwa 100, masu goge a ciki wajen 30. In kujera ɗaya ta faɗi, sau da yawa fiye da mutum ɗari ne suke nemanta. A Amurka da wurare da dama akan rataya labule tsakanin mai gwaji da alƙalai, don kada su ga fuskarsa ko launin fatarsa, har akan shimfiɗa darduma don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce ko namiji. 'Yan mintoci kaɗan ake ba kowa. Shekara ashirin na wahala, a 'yan mintocin nan ake auna su. (Mun yi ta tunani, da haka ake ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan, a bayan labule, ba a tambayar ɗan wane ne ko wane addini yake bi, da waɗansu ofisoshi sun sake kama.) Wanda ya ci kuma ba ya zama tauraro. Yana zaune ne cikin sahu, mutum biyu suna duban takarda ɗaya, ɗayansu yana juya shafi, kuma dole bakansa ya hau ya sauka tare da na sauran kamar hannu ɗaya ne yake jansu. Wanda ya ce sai an ji nasa dabam, kora ce ladansa.

To, yaronmu fa? Gaskiya ɗaya ce, kuma ba mu yi masa adalci ba in muka rufe ta: shekararsa 16, bai taɓa riƙe bayolin ba, ya makara ƙwarai ga irin wannan hanya. Inda ake koyarwa ma da nisa. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a 1961. A Ikko akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983, tana da makarantar kiɗa da okestira tata a Onikan. Aikin albashi na wannan sana'a a ƙasarmu kaɗan ne ainun, yawancin waɗanda suka koya da koyarwa da kiɗan biki da na majami'a suke ci. Da a ce dattijon nan ya kira yaron gefe ya faɗa masa haka, da ba mu da ta cewa.

Amma ba don nisan hanya muka yi dariya ba. Wanda ya ce matuƙin jirgin sama, hanyarsa ta fi kusa ne? Yara nawa daga Ƙaura suka tuƙa jirgi? Duk da haka mun tafa masa. Abin da ya ba mu dariya kalma ɗaya ce: goge.

Kowa a ƙasar nan ya san sunan da goge ya yi. Shi ne kiɗan bori, kowane iska da takensa, in mai goge ya taɓo taken sai ka ga mutum ya faɗi. Shi ne kuma kiɗan gidajen giya da na mata masu zaman kansu. Malaman Musulunci sun yi wa'azi a kansa tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, Turawan mishan da suka zo daga baya su ma ba su sake masa fuska ba, suka kawo mana nasu molon mai iska da littafin waƙoƙi. Abu ne mai wuya a sami abin da liman da fasto suka haɗu a kan ƙinsa kamar goge. Kuma dattawanmu suna da dalili. A cikin ekklisiyoyinmu akwai tsofaffin da daga gidan bori Ubangiji ya kira su, waɗansu da hannunsu suka ƙone kayan tsafinsu. Ga irin waɗannan, muryar goge ba kiɗa ba ce kawai, kira ne daga inda suka baro. Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa a kan kada 'yancin wani ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwansa, mu kuwa ba mu fi shi sani ba. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya ce malamai suna so a shigo da goge cikin sujadar Lahadi. Ba mu faɗa ba.

Abin da muke faɗa shi ne, mun haɗa kayan aiki da wurin da aka yi aikin da shi muka yi musu hukunci ɗaya. Ku dubi gogen kansa. Rabin ƙwarya ce aka rufe da fatar guza ko damo, aka soka sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya ta izgar doki, ga baka ita ma da izga, ga ƙaro. Wutsiyar doki da ƙaro, watau abin da yake ba bayolin na Italiya murya, shi ne yake ba gogen ƙauyenmu. Shi ma ba shi da alamar yatsa. Bature yana da tsirkiya huɗu, namu da guda ɗaya yake fitar da magana har wanda ake yi wa take ya ji sunansa ya waiwayo, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, goge kuwa yana bin sawun murya. Wane ne zai ce wannan ba ilimi ba ne?

Kuma ba a kwana ɗaya ake samunsa ba. Yaron mai goge yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma kiɗan ƙwarya a bayan maigidansa, ya yi amshi, yana ji yana gani shekara da shekaru kafin a yarda ya riƙe baka a gaban jama'a. Abin da Suzuki ya gano a Japan har duniya ta yaba masa, kunne kafin takarda, shi ne abin da makaɗanmu suke yi tun kaka da kakanni. Bambancin dai nasu an rubuta, an gina masa makaranta, an ba da takardar shaida, namu kuwa an bar shi a bakin kasuwa.

Abin ya fi ciwo in aka tuna wace ƙasa muke zaune. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, nan kusa da Shinkafi ya tashi, yau ɗaliban jami'a suna rubuta kundin digiri a kan Hausarsa. Kassu Zurmi na 'yan tauri, sunan garin ma yana manne da nasa. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayarin. Sa'idu Faru ma ɗan Zamfara ne. A wajen masu baka da tsirkiya kuwa, Hassan Wayam mai kukuma, ƙanwar goge, daga ƙasar Maradun ya fito kafin ya zauna Zariya inda ya rasu a 2020. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2015. Mamman Shata, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ba duk abin da suka rera ne za mu so yaranmu su rera ba, wannan a fili yake. Amma in sun shigo rediyo dattijon da ya yi maganar roƙo ba ya kashewa.

A waɗansu wurare ma gogen nan bai yi baƙin jini irin na wajenmu ba. A ƙasar Dagomba ta arewacin Gana kiɗan fada ne, da shi ake yabon sarki. A wajen Yarabawa, Yusufu Olatunji ya yi suna da shi a kiɗan sakara. Buzaye suna da nasu mai suna imzad, mata ne suke kaɗa shi, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gadon ɗan'adam da ya kamata a kiyaye. Wata farfesa Ba'amurkiya, Jacqueline DjeDje, ta wallafa littafi sukutum a 2008 a kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba. Baƙo ya ƙetaro teku yana tambaya, mu masu abin muna dariya.

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki ma bai kamata mu rena makaɗi ba. Sa'ad da mugun ruhu yake damun Sarki Saul, ba kowane mai molo aka nemo ba, gwani aka nema, aka sami Dawuda. A Littafin Tarihi na Fari sura 25 an ƙidaya mawaƙa horarru 288 domin hidimar Haikali, malami da almajiri duka da kuri'a aka raba musu aiki. Horarru aka ce. To, mu dubi kanmu. A majami'unmu da yawa yau, yaro ya koyi latsa wuri uku a kan kibod, duk waƙar da aka ɗauko da su zai bi ta, ko ta dace ko ba ta dace ba. In wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, sai sujada ta tsaya ana duban juna. Iyayenmu da suka yi makarantar mishan suna karanta do-re-mi daga allo su rera da murya huɗu ba tare da wani kayan kiɗa ba. A ƙungiyar mawaƙan makarantar nan, da muka gwada a zangon da ya wuce, waɗanda suka iya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wannan laifinmu ne mu malamai, ba na yara ba. Kibod ɗin nan da gita kuma, in za a bi asalin inda ake kaɗa su daren Asabar, ba su fi goge tsarki ba. Ganga ma akwai lokacin da ba ta shiga majami'a, yau ga ta, ga tulun Zumuntar Mata kuma ba wanda yake ƙyamarsa.

Fela Sowande, ɗan fasto ne da aka haifa a Abekuta a 1905. A ƙungiyar mawaƙan babbar majami'ar Ikko ya sami horo a hannun T.K.E. Phillips, ya tafi Landan a 1934, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kaɗa ogan a can, ya kuma tsara kiɗa domin masu bayolin da ya gina a kan waƙoƙin Afirka ta Yamma. Majami'a ce ta raine shi. A Kinshasa ta ƙasar Kwango kuwa, wani mai suna Armand Diangienda ya tara 'yan ekklisiyarsu a 1994 ya kafa okestira. Yawancinsu manya ne, masu sana'o'insu, ba su taɓa riƙe bayolin ba, kayan kiɗa kaɗan ne ana karɓa-karɓa, in tsirkiya ta tsinke su ɗaura wayar birkin keke. Daga baya har Turai aka gayyace su. Ga wanda ya tafa wa mai son tuƙin jirgi ya yi wa mai son goge dariya, sai mu ƙara masa da cewa Diangienda ɗin nan matuƙin jirgin sama ne kafin ya koma kiɗa.

Akwai wani dalilin da ya sa muke ganin maganar ba ta jira. Rashin zaman lafiyar da ya addabi ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ya watsa mutane, bukukuwa sun ragu, a 2021 har kasuwannin mako aka rufe na wani lokaci. Makaɗi da taro yake ci. Tsohon da ya iya haɗa goge ko kukuma, in ya yi gudun hijira ya zauna a gari ba ya kiɗa, ɗansa ya kama acaba, ran da ya mutu an rufe da abin da ke kansa. Ba a rubuce yake ba balle a tono.

Ga abin da muke roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. A ba kiɗa awa biyu a mako cikin jadawali, ba a bar shi sai in Kirsimeti ya matso ba. A koya wa kowane ɗan ƙaramar sakandare karanta do-re-mi da rubutun kiɗa na layi biyar. Wannan allo da alli kawai yake ci. In tsofaffin ɗalibai za su taimaka, a sayi bayolin biyu na koyo, ko da na hannu ne. Sa'an nan, da yardar iyaye da dattawan ekklisiya, a gayyato wani dattijo mai haɗa kukuma ya zo da rana tsaka, a ɗakin taro, ya nuna wa yara yadda ake fafe ƙwarya, a ja fata, a ɗaura izga, su rubuta abin da suka gani. Ba taken iskoki za a kaɗa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba dole.

Mun san abin da za a ce: jarrabawar WAEC tana gaba, lissafi da Turanci ma ba su zauna ba, ina lokacin kiɗa? Tambaya ce mai nauyi, mu ma muna da 'ya'ya a aji. Amma awa biyun nan, a gaskiya, yanzu ma ba lissafi ake yi da su ba, hira ake yi a gindin darbejiya. Kuma yaron da ya koyi zama wuri ɗaya yana maimaita layi guda sau hamsin har ya daidaita, mun ga irinsa, ba ya cikin masu gudun aikin gida. Ba mu yi alkawarin za mu fitar da ɗan okestira daga Ƙaura ba. Mai yiwuwa abin da za mu samu shi ne malamin kiɗa ɗaya, da mawaƙan da ba sa tsayawa in wuta ta ɗauke.

Bayan mako biyu da taron, mun kira yaron ofishin malamai muka ba shi haƙuri. Ya yi mamaki, don bai saba jin malami yana ba ɗalibi haƙuri ba. Muka faɗa masa duk abin da muka rubuta a sama game da shekaru da nisa da ƙarancin aiki, ba mu rage kome ba, muka kuma ce kada ya kuskura ya saki kimiyyar da yake yi. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce, "Malam, to in nuna muku wani abu?" Ya je ɗakin kwana ya dawo da gwangwanin madara da ya rufe da fatar akuya, ya soka sanda, ya ɗaura wayar birki, ba tare da ya taɓa jin labarin mutanen Kinshasa ba. Ya kaɗa mana wata waƙa daga littafin waƙoƙi. Sai da ya kai tsakiya muka gane ko wacce ce, amma mun gane.

Mahaifinsa ya yarda ya ci gaba, muddin sakamakon jarrabawa bai faɗi ba. An samo masa ƙwarya, malamin aikin gona ya yi alkawarin fata. Izga ce ta rage. Duk wanda ya san mai doki a Ƙaura ko Zurmi ko Shinkafi da zai iya ba mu kaɗan, ya aiko da saƙo ofishin malamai kafin a dawo hutu.